Wata huɗu da manhajar kwaikwayon haihuwa a Sakkwato

Shekaru masu yawa na yi ina koya wa ɗaliban aikin ungozoma yadda kan jariri yake ratsa ƙugun mahaifiyarsa, kuma a duk tsawon lokacin kayan aikina ba su wuce ƙashin ƙugu na roba da wata 'yar tsana wadda wuyanta ya saki saboda yawan murɗawa ba. Saboda haka, da wani kamfani na ƙasar waje ya ba mu damar gwada manhajarsa ta kwaikwayon haihuwa har wata huɗu ba tare da biyan ko kwabo ba, ban yi wata-wata ba na amsa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin irin wannan haja ta fara yawa, kuma abin da na gani a jikin wannan ina kyautata zaton za a same shi a jikin 'yan uwanta. An sanya mana ita a kwamfutocin tafi-da-gidanka guda biyu tun ana tsakiyar hunturu har muka shiga zafin watan Afrilu. Mun yi aiki da ita a aji, mun kuma jarraba ta da bayanan tsofaffin fayil na ɗakin haihuwa bayan an shafe sunayen masu su. Ko sau ɗaya ba mu yanke shawara a kan wata mai naƙuda da ita ba, kuma mai karatu zai ga dalili a gaba.

Manhajar kashi biyu ce, kowane da farashinsa. Kashi na farko na koyarwa ne, inda ake ganin ƙugu da mahaifa da jariri a siffar da za a iya juya ta kowace fuska. Kashi na biyu shi ne wanda masu sayarwa suka fi cika baki a kansa, wato na hasashe, inda ake shigar da bayanan mai ciki, manhajar ta auna, sannan ta fitar da launi kore ko ɗorawa ko ja gwargwadon wahalar da take tsammanin haihuwar za ta zo da ita.

Kashin koyarwa kam ba ni da abin cewa sai yabo. Abin da ya fi wahalar da ɗaliba a shekararta ta farko shi ne ta gane dalilin da ya sa kan jariri ba ya saukowa kai tsaye, sai ya yi ta juyi. A littafi ana gaya mata cewa mashigar ƙugu ta fi faɗi daga gefe zuwa gefe, kimanin santimita 13, alhali daga gaba zuwa baya ba ta wuce 11 ba, sannan a mafita lamarin ya juye, tsawon gaba da baya ya fi. Tana haddacewa, ta rubuta a jarrabawa, ta ci maki, amma idan ka tsayar da ita gaban mai naƙuda ka tambaye ta ina ƙeyar jaririn ta dosa, sai ta yi tsuru-tsuru. A manhajar nan ana ɗauke fata da tsoka a bar ƙashi kaɗai, ɗaliba ta ga kan ya shiga a karkace, ya sunkuyar da haɓa a ƙirji, ya iso tsakanin ƙayoyin ƙashi biyu da ke tsakiyar ƙugu, waɗanda tazararsu ba ta wuce santimita 10 da 'yan kai ba, ya murɗa ƙeya zuwa gaba, sannan ya ɗago ta ƙarƙashin ƙashin mara. Ana iya tsayar da motsin, a koma baya, a leƙa ta sama ko ta ƙasa. Na sa aka ɗaga haɓar jaririn kaɗan-kaɗan a gaban aji, ɗalibai suna kallon yadda faɗin da ke fuskantar hanya yake tashi daga santimita 9.5 zuwa 11.5, har ya kai kusan 13.5 idan goshi ne a gaba, wanda shi ne yanayin da jaririn da ya cika watanninsa ba ya iya wucewa a mafi yawan ƙugu. Abin da nake shafe mako biyu ina bayani da hannu da baki, sun kama shi a zama ɗaya. Gani ya kori ji.

Ta kuma nuna yadda ƙasusuwan kan jariri ke hawa kan juna idan hanya ta matse, abin da 'yar tsanarmu mai kan roba ba ta taɓa iyawa ba. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda masu ƙirar suka zata, domin matan da ake kawo mana bayan doguwar naƙuda sau da yawa kan jaririn ya riga ya kumbura ya miƙe, har sabuwar ungozoma ta taɓa ta ɗauka ya sauko, alhali mafi faɗinsa yana can sama bai ma shiga ƙugu ba. Wannan kuskuren yana sa a ce wa mace ta ci gaba da nishi a lokacin da ya kamata a ce tana kan hanyar ɗakin tiyata.

Akwai kuma darussan gaggawa masu agogo, kamar maƙalewar kafaɗa bayan kai ya fito, da jaririn da ya zo a zaune, da zubar jini bayan fitar mabiyiya. A darasin kafaɗa, idan ɗaliba ta zaɓi jan kai da ƙarfi ko danna saman ciki, manhajar tana nuna mata yadda jijiyoyin wuyan jariri ke miƙewa har su kai ga lahani. Idan kuwa ta naɗe cinyoyin uwar zuwa cikinta ta sa a danna saman mara, sai ta ga kafaɗar ta zame. Darasi ne mai kyau, amma a nan ne iyakarta ta fara bayyana, domin zaɓen amsa da yatsa a kan allo daban, sanya hannu daban. A asibitin Southmead da ke Bristol a Ingila, bayan an wajabta wa ma'aikata atisaye a kan maƙalewar kafaɗa, raunin da jarirai ke samu a irin wannan haihuwa ya sauko daga kashi 9.3 cikin ɗari zuwa 2.3, kamar yadda aka wallafa a 2008. Amma atisayen nasu da hannu aka yi shi, a jikin mutum-mutumi, ma'aikata suna aiki tare kamar yadda za su yi ranar da abin ya faru. Manhaja tana gyara fahimta, ba ta koya wa yatsu bambanta maɗiga da kumburi, ba ta kuma koya wa mutum nutsuwa sa'ad da jini ke malala a ƙasa dangi suna salati a bakin ƙofa.

Shi kuwa kashin hasashe, ya kamata a san asalinsa kafin a yi masa hukunci. A ƙarshen 2011, a taron shekara-shekara na likitocin hoto da ake yi a Chicago ta Amurka, wani likitan mata ɗan Faransa, Dakta Olivier Ami, ya gabatar da manhaja mai suna PREDIBIRTH. An ɗauki hoton mata masu ciki 24 da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, kwamfuta ta sake gina siffar ƙugun kowacce da ta jaririnta, sannan ta gwada hanyoyi 72 da kan zai iya bi, ta ba da maki. Sakamakon ya yi daidai da yadda yawancin haihuwar ta kasance, kuma jaridun duniya sun yayata shi sosai. A 2019 shi da abokan aikinsa sun sake fitar da wani aiki inda suka ɗauki hoton mata bakwai suna tsakiyar naƙuda, aka ga da ido yadda ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwar jariri ke sauya siffa a hanya. Aiki ne na ilimi da ya cancanci girmamawa. Sai dai mata 24 ba adadin da za a gina hukuncin yanka cikin mace a kansa ba ne, kuma duk manhajar da ta biyo wannan sawu tana tsaye ne a kan hoto mai tsada wanda sai a manyan asibitoci ake samunsa.

A nan gizo ke saƙar. Wadda muka gwada tana son hoton MRI idan akwai, idan babu kuma tana karɓar awon sikanin da tsawon uwa da nauyinta da makonnin ciki da tarihin haihuwar baya. Da muka buɗe tsofaffin fayil ɗinmu muka fara cikewa, sai muka tarar gurabe da yawa ba mu da abin sa musu. Mace za ta zo awon farko cikinta ya kai wata bakwai, idan ka tambaye ta ranar da ta ga jininta na ƙarshe ta ce tsakanin ƙaramar salla da babba ne, kuma gaskiya ta faɗa, haka take lissafinta. Sikanin da aka yi a irin wannan lokaci yana iya kuskuren makonni biyu zuwa uku a shekarun ciki, kuma ƙiyasin nauyin jariri da sikanin ko a hannun gwani yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan aka bar gurbi babu komai, manhajar ba ta ƙin ba da amsa, sai ta cike da matsakaicin adadi nata, ta fitar da launi kamar ta san abin da take faɗa. An rubuta gargaɗi a kan haka, amma da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan allo, inda mai gaggawa ba zai duba ba. A ganina wannan shi ne babban aibinta.

Ko da an samu cikakken awo, tsofaffin malamanmu sun riga sun bi wannan hanya sun dawo. An daɗe ana auna ƙugun masu ciki da hoton ƙashi domin a san wadda za ta iya haihuwa da kanta, kuma da cibiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta tattara gwaje-gwaje biyar da aka yi a kan mata sama da dubu, abin da ya fito shi ne awon ya ƙara yawan tiyata ba tare da an ga amfaninsa ga jarirai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haihuwa ba ƙashi da ƙashi kaɗai ba ce: akwai ƙarfin naƙudar, akwai sassautawar gaɓoɓin ƙugu, akwai yadda uwa take kwance ko tsugune, akwai yadda kan ke lanƙwasa. Kusan rabin jariran da kafaɗarsu ke maƙalewa ba su kai kilo 4 ba, wato ba su cikin waɗanda kowane ma'auni zai yi wa alamar haɗari. Shi ya sa aka koma ga bibiyar naƙudar kanta awa bayan awa, tun daga takardar bibiya da likitoci biyu, Philpott da Castle, suka tsara a 1972 a ƙasar da ake kira Zimbabwe yanzu, har zuwa sabon jagoran kula da naƙuda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wanda ya mayar da farkon naƙuda mai ƙarfi zuwa buɗewar santimita 5. Haka nan a 2017 an wallafa wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya da Ireland a kan mata kusan 47,000, inda aka ba kwamfuta aikin fassara bugun zuciyar jariri a lokacin naƙuda, kuma ba a ga ta rage mutuwa ko lahani ba idan aka gwada da idon ma'aikata. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai kuma tambayar da nake ganin ta fi kowacce nauyi, wato da matan ina aka koya wa manhajar hasashe. Da na shigar da shekara 16, sai ta ce wannan ya fita daga iyakar da aka gwada ta. Gurbin yawan haihuwa yana tsayawa ne a biyar ko fiye, ma'ana mai haihuwa ta shida da mai ta goma sha ɗaya duk ɗaya ne a wurinta, alhali duk wadda ta yi aikin dare a ɗakin haihuwa a Sakkwato ta san mahaifar da ta ɗauki ciki goma ita ce ke saurin saki ta zubar da jini, ita ce kuma ke iya fashewa idan jariri ya gitta. Babu gurbin ciwon sikila, babu na zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan matsala ba baƙuwa ba ce ko a can inda ake ƙera su: ma'aunin da aka fitar a Amurka a 2007 domin hasashen ko wadda aka taɓa yi wa tiyata za ta iya haihuwa da kanta yana rage wa baƙar mace maki saboda launinta kawai, sai a 2021 aka cire wannan. Wata dattijuwar ungozoma da muke kira Inna, wadda ta karɓi haihuwar wasu daga cikin ɗalibanmu da hannunta, ta zauna ta kalli allon tsawon lokaci, sannan ta tambaye ni a ina ake rubuta cewa macce ta kwana biyu a gida tana fama, an ba ta jiƙo, an kuma ɗauko ta daga ƙauyen Sabon Birni ko Gudu a bayan mota. Na duba ko'ina, babu wurin.

Tambayar Inna ita ce gaskiyar wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Wadda ƙugunta ya yi ƙanƙanta har za ta ƙare da yoyon fitsari, ba ita ce mai zuwa a ɗauki hotonta a mako na 37 ba. Muna ganinta ne bayan aikin gama ya gama, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da tsakar dare, ko bayan watanni a layin masu jiran gyara a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Idan hukuma tana da kuɗin kashewa, ya kamata ta tuna da gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Abin da aka gwada shi ne wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai jego domin a ga yawan jinin da ta zubar, sannan a haɗa magunguna da matakan tsayar da jini a yi su gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, kuma hakan ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin ɗari. Ba a buƙaci intanet ba.

Adalci dai shi ne in faɗi cewa akwai ɓangare ɗaya na hasashen da ya burge ni, wato na hawan jinin masu ciki. Abin da yake tambaya muna da shi: awon jini, furotin a fitsari, makonnin ciki, ciwon kai, ganin duhu-duhu, ciwon saman ciki. Idan awo ya kai 160 bisa 110 yana tashi da ja nan take ya tuna wa ma'aikaciya allurar hana jijjiga da gaggawar tura mace gaba. A fayil ɗin da muka gwada, bai saɓa wa abin da gogaggiyar ungozoma za ta yanke ba, kuma ga sabuwar ma'aikaciya da ke ita kaɗai a ƙaramin asibitin karkara, wannan tunatarwa tana da daraja. Sai dai irin wannan ma'auni, kamar miniPIERS da aka wallafa a 2014 musamman domin ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki, tuni masu bincike suka bayyana lissafinsa ga kowa, don haka ban ga hujjar biyan dala a kansa ba.

Launukan nan uku ma suna ba ni tsoro. Idan aka gaya wa mace kore ta samu, abin da za ta kai gida shi ne kwamfuta ta ce lafiya lau, kuma uwar miji za ta ce to me za a je yi asibiti. Idan ja ta samu aka yi mata aikin da ba dole ba, an bar mata tabo a mahaifa a jihar da binciken 2018 ya nuna mace na haihuwa kusan bakwai a rayuwarta, kuma babu tabbacin cewa haihuwa ta gaba a gaban likita za a yi ta. A Faransa tabon tiyata abu ne da ake bibiya da kulawa. A ƙauyen Tangaza yana iya zama ajali bayan shekara biyu.

Wani amfani da masu ƙirar ba su ambata ba, mu muka gano shi da kanmu. A ranar awo mun haska hoton ƙashi zalla, ba tare da tsiraici ba, muka nuna wa mata da 'yan mazan da suka rako su yadda kai ke tokarewa idan hanya ta yi kaɗan, da yadda mafitsara ke matsewa tsakanin ƙashi biyu har naman ya mutu. Wani magidanci ya ce shi a da yana ɗauka rashin juriya ne ke sa a yi wa mace aiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana roƙon miji ya sa hannu a takardar tiyata ƙarfe uku na dare ya san darajar wannan magana. Da za a sa wa hotunan bayani da muryar Hausa, da sun yi aikin da wa'azinmu na shekaru bai yi ba, amma a yanzu Turanci da Faransanci kaɗai take ji.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, kashin koyarwa yana aiki ba tare da intanet ba, sai dai duk bayan kwanaki yana neman a haɗa shi domin tabbatar da lasisi, kuma sau biyu ya kulle mana ana tsakiyar darasi. Yana cin batir sosai, kuma da zafi ya tsananta ƙaramar kwamfutar ta riƙa ɗaukar zafi tana sanɗa har sai mun ɗora ta kusa da fanka. Kashin hasashe kuwa dole sai da intanet, domin bayanan can waje ake tura su a sarrafa, kuma da na tambayi wakilin kamfanin a wace ƙasa ake ajiye su da yadda hakan ya dace da dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, ya yi alkawarin kawo amsa a rubuce, har wa'adin gwajin ya cika ba ta iso ba. Ban da wannan, mutum ne mai haƙuri da saurin amsa waya. Kuɗin lasisi da dala ake biya duk shekara, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun daga tsakiyar 2023.

Shawarar da na rubuta wa shugabanninmu ita ce a sayi kashin koyarwa na kwamfuta ɗaya, a haɗa ta da majigi, da sharaɗin kamfanin ya yarda a biya sau ɗaya kuma a cire kullewar lasisi. Kashin hasashe na ce a dakata har sai an gwada shi a kan matanmu, an kuma wallafa sakamakon inda kowa zai gani. Ragowar kuɗin na nemi a sayo mutum-mutumin atisaye guda biyu da ledojin auna jini. 'Yar tsanar nan kuwa na kai ta wurin tela a Tsohuwar Kasuwa ya ɗinke mata wuya, domin ɗaliban da suka ga juyin kai a allo ranar Litinin, ranar Laraba da ita za su nuna mini da hannunsu.